Gidan Kofur Buba da Sunan da Inna Ta Ƙi Faɗa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban masu binciken gidajen tsofaffin soja, Birnin Kano.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da ban girma, ni ne Iliyasu baduku, ɗan fari ga marigayi Kofur Buba na Ƙofar Na'isa. Sau uku ina zuwa ofishinka masinja yana mayar da ni daga bakin ƙofa, shi ya sa na rubuta a fili. An ba mahaifiyata, Inna, zuwa Jumma'a mai zuwa ta fita daga gidanta, wai mai gidan bai bar magaji ba.

Na farko, ga mutumin da ake magana a kansa. Baba Bafulatani ne, haifaffen Sheshe. Da annoba ta share musu shanu, sai ya sulale Zariya ya shiga soja a ɓoye, don a lokacin abin kunya ne a ce ɗanka yana ɗaukar wa Nasara bindiga. Can aka rubuta shi Buba Zariya, yadda ake yi wa kowane kurtu: sunanka da garin da aka tsince ka. A yaƙin Jamus ya ratsa ƙasar Kamaru a ƙafa, sannan aka zuba su a jirgin ruwa zuwa gabashin Afirka. Shekara huɗu Inna tana kaɗi tana ciyar da mu, ba ta san ko matar aure ce ita ko mai takaba ba. Ya dawo da igiya biyu a hannun riga da harsashi a cinya. Aka ba shi fili, ya buga tubalinsa da kansa yana ɗingishi. Ƙafar nan ce ta zama ajalinsa, yau shekara goma sha takwas.

Na biyu, abin da akawunka ya yi. Talatar da ta wuce ya zo ina kasuwa, baƙo ne a ƙasar nan, tare da tafinta. Ya tambayi Inna sunan mijinta, ta ce Malam. Ya sake tambaya, ta ce mai gidan. Ya ce to, sunan babban ɗanta fa? Ta sunkuyar da kai. Nan take ya rubuta cewa tsohuwar ba ta san marigayin ba, 'yar zaman aro ce. Ranka ya daɗe, ko akuyar unguwarmu ta san mace ba ta kama sunan mijinta, Bafulatana kuwa ko wuƙa aka sa mata ba ta ambatar sunan ɗan fari. Akawu ban ga laifinsa sosai ba. Tafintan ne ya ba ni haushi, ɗan birni ne, ya sani sarai, ya yi gum.

Na uku, da na bi sawun akawun na ce ubana Buba shi ne Abubakar na Sheshe, aka buɗe littafi aka ce babu shi, nasu na Zariya ne. Na nuna lambar yabonsa, aka ce ana sayar da irinta a kasuwa. Wallahi ranar na yi kuka, da gemuna.

Roƙona biyu ne. A dakatar da wa'adin Jumma'a. A kira mai unguwa da liman da Saje Audu na Mandawari, wanda ya goyo Baba ranar da aka harbe shi, su faɗi sunan a madadinta.

Kada a ce mu lallashe ta, na riga na gwada. Jiya na durƙusa gabanta na ce ta faɗa sau ɗaya tak, ko a kunnen tafinta ne. Ta dube ni ta ce, "Yana raye ban kira shi ba, sai yanzu da yake kwance? Su karɓi gidan." Tun daga nan ta ɗaure tukwanenta da tabarmarta, tana zaune a zaure tana jiran masu fitar da ita.

Allah ya ja zamaninka, ya sa adalci a hannunka, ya tsare tsufan mahaifiyarka daga irin wannan rana.

Wassalam.

Iliyasu ɗan Kofur Buba, Ƙofar Na'isa.