Tifar da Na Gani a Bakin Rafi

Yaya Nasiru,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan ba, amma wa zan faɗa wa in ba kai ba?

Mun bar Unguwar Shanu. Inna ta kasa zama, kullum idonta na kan zauren da kake kafe babur. Sai na kwashe ta, da Hajara matarka da yara, muka dawo gidan gonar da ka fara ginawa a bayan Rigachikun. Na yi wa ɗakuna rufi. Inna ta shuka rama da kuɓewa, ta fara cin abinci. Sadik autanka ya iya kora awaki, har ya daina tambayar yaushe za ka dawo. Shirun nan nasa ya fi tambayar yi mini ciwo.

Ni kuwa zama ya gagare ni, sai yawo. Na ratsa gonakin masara, na san rugar da ake sayen nono, na san fadamar masu rake. Ranar Talata na gangara rafi inda ake ɗibar yashi. Yaya, a can na gan ta. Koriyar tifa, gabanta na hagu a lotse, an shafe wurin da sabon fenti. Ita ce wadda Sabo mai shayi ya kwatanta mana, ranar da aka take ka a hanyar Zariya aka gudu.

Direban sunansa Ila, a ƙauyen gaba yake. Shi ya fara yi mini sallama. Ya ce ya ji mu baƙi ne muna gini, zai kawo mana yashi kyauta saboda maƙwabtaka. Ka ji? A motar da ta bar ka kwance a kwalta! Na miƙa masa hannu, har da murmushi. Ban san ina da irin wannan zuciyar ba.

Kai ka bar makaranta ka kama aikin walda don in yi karatu, ban taɓa buɗe baki na ce maka na gode ba. Yanzu da me zan gode maka? Inna ta ce mu bar wa Allah. Ban gaya mata abin da na gani ba, kuma ban yafe ba.

Jiya na ɗauko Sabo, ya hango Ila daga nesa, ya gyaɗa kai, ya ce shi ne. Ba zan ɗauki fansa da hannuna ba. So nake ya tsaya gaban alƙali ya kalli idon Sadik, duk ƙauyensu su san wanda suke sahu da shi a masallaci.

Na karɓi tayin yashin. Asabar zai kawo da kansa, har ƙofar gidanka. 'Yan sanda za su riga shi zuwa.

Allah ya kai haske kabarinka, Yaya. Ka huta, sauran nawa ne.

Ƙaninka,
Aminu