Ci Sau Ɗaya a Rana

Litinin, 1 ga Satumba

Na karɓo sakamakon gwajin jini. Suga ne. Likita ya rubuta min ƙwaya, ya ce in rage teɓa, in dawo bayan wata guda. Ya ƙara wasu bayanai, wallahi ban ji ko ɗaya ba. Marigayi Yaya kawai nake gani a kan kujerar nan tasa, an naɗe ƙafar wandonsa an soke da fil. Shi ma haka ya fara, da ƙwaya ɗaya. Bayan an yanke ƙafar bai daɗe ba.

Maman yara na ce mata ɗan hawan jini ne.

Laraba, 3 ga Satumba

A wurin aiki na yi suɓul da baka na ce ina son rage ƙiba. Dogo, abokin hawan tsanina a aikin lantarki, ya ce in riƙa ci sau shida kaɗan-kaɗan, wai jiki murhu ne, in ba a tura masa itace mutuwa yake yi. Direban motarmu ya ce ƙarya ne, sau ɗaya ake ci, in ciki ya zauna wayam dole jiki ya koma kan kitsensa. Har suka fara ɗaga murya.

Direba dai na ga ya ƙara huji a bel ɗinsa. Dogo kuwa tun da na san shi iska ke neman ɗauke shi, me ya sani a kan ƙiba? Na bi direba. So nake abin nan ya bar jikina da wuri.

Asabar, 6 ga Satumba

Ƙwaya da safe da ruwa. Abinci sai yamma. Da rana sukudireba ta faɗo min sau biyu.

Maman yara ta ce, "Baban yara, fushi kake yi da girkina?" Na ce a'a. Ta ɗauke kwanon.

Talata, 9 ga Satumba

Matsalar ita ce in yamma ta yi ba na sanin ƙoshi. Jiya na cinye nawa, na ƙara, na kuma gama da ragowar Auta. Yarinyar har dariya take yi, wai Baba ya zama rami. Na hau sikeli a kemis, allurar tana nan inda na bar ta.

To ina amfanin wahalar?

Juma'a, 12 ga Satumba

Na ga ɗan tsagu a babban yatsan ƙafata. Takalmin aiki ne ya goge ni, na sani. Duk da haka na kulle banɗaki na zauna a bakin baho ina latsa shi da tsinken ashana, in ji ko yana jin zafi. Yana ji. Na sake latsawa.

Talata, 16 ga Satumba

Jiya ban iya riƙe biro ba.

An tura mu wani babban sito gyaran fitilun sama. Ni ne a kan dogon tsani, Dogo yana riƙe da shi a ƙasa. Wajen tsakar rana gumi ya karyo min, mai sanyi, har cikin safa. Zuciyata kamar za ta fito. Ga waya biyu a hannuna, na kasa tuna wacce na kashe wa wuta. Ni da na tsufa a aikin nan. Na dubi ƙasa, simintin yana matsowa yana ja da baya.

Na ji Dogo yana cewa, "Oga, saki wayar." Ban saki ba. Yatsuna sun ƙi. Ya sake faɗa a hankali, kamar mai lallashin yaro: "Saki. Kama ƙarfe da hannu biyu. Yawwa. Ƙafar dama." Haka ya sauko da ni. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Abin da na tuna, ina zaune a kan kwali, mai gadin siton yana ɗura min lemon kwalba, rabi yana zuba a rigata.

Dogo ya kawo ni gida, kuma bai rufa min asiri ba. Maman yara ta zazzage jakar aikina, ta ɗauki kwalin ƙwayar ta karanta. Ba ta yi faɗa ba. Gara ma ta yi. Cewa kawai ta yi, "Ni na yi jinyar Yaya tare da matarsa. Kana ganin ban san wannan kwalin ba?"

Alhamis, 18 ga Satumba

Tare muka koma asibiti. Aka haɗa mu da wata nas mai kula da abincin masu suga. Da na gaya mata yadda nake yi, sai ta ajiye biro. Ta ce irin ƙwayar da aka ba ni tana saukar da suga ko na ci ko ban ci ba, abin da ya same ni a kan tsani ke nan. Ta ce an yi min wannan gargaɗin ranar farko. Ƙila an yi.

Na tambaye ta, to tsakanin sau shida da sau ɗaya wa ya fi gaskiya? Ta ce, "Alhaji, jiki ba ƙirga zamanka a gaban kwano yake yi ba. Abin da ya shiga gaba ɗaya a yini shi ne magana. Wani sau biyu ya fi masa sauƙi, wani sau huɗu. Kai dai da wannan magani ba ka da izinin tsallake ci." Sau uku, ƙaramin faranti, ganye da yawa, shinkafa kaɗan, tafiya bayan cin yamma. Ta ce a hankali nauyin zai sauka.

A hankali. Kalmar da na fi tsoro ke nan. Na ce mata Yaya ma a hankali abin ya cinye shi. Ta tambaye ni ko yana shan magani. Maman yara ce ta amsa: "Sai ran da ya ga dama." Ban taɓa sanin haka ba.

Ta duba yatsan. Ta ce ya kusa warkewa, in canza takalmi.

Litinin, 22 ga Satumba

Na hau ƙaramin tsani. Dogo ya cusa min alewa a aljihu. Direba kuma ya daina kallon idona, ni kuwa ban ga laifinsa ba, ai shi ba ya shan ƙwaya.

Talata, 30 ga Satumba

Har yanzu nakan farka da faɗuwar gaba. Sikeli ya motsa ɗan kaɗan, ƙila ma takalmin ne ya fi sauƙi.

Yau manaja ya tara mu, wai akwai aikin saka wayoyi a sabon ginin makaranta, yana neman wanda zai jagoranci ma'aikata. Na ɗaga hannu. Sai da na sauke shi na ji yana cewa sai baɗi za a fara, kuma zai ci shekara biyu.

Ban ce a cire sunana ba.