Kada Wanda Ya Sake Zuba wa Itacen Nan Ruwa

Zuwa ga maiɗakina, Uwar Sani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da ke cewa na yi faɗa a kan kabarinki ranar Alhamis, kuma ban yi nadama ba. Hausawan Alkahira duk sun ji daga bakin wasu. Ke gara ki ji daga bakina.

Kin tuna itacen nan na gidan Zamalek inda nake aikin lambu, wanda Misirawa ke kira ar'ar? Mai rassa suna zubowa ƙasa kamar gashin da aka tsefe, ganye siri-siri, in ka murza ya bar maka ƙamshi a hannu har yamma. Wata Baturiya ce ta zo da shi daga ƙasarsu ta duwatsu, ta tafi ta bar mini.

Ke kika kashe mini dashen farko. Na yanko reshe na kafa a gwangwani, na ajiye a barandarmu ta Hadayik el-Ma'adi. A shekarar ne labari ke ta zuwa daga Maraɗi cewa rijiyoyi sun ƙafe, shanu sun ƙare. Da na fita aiki sai ki ɗauki buta. Cewa kike ba za ki ga abu ya sunkuyar da kai a gidanki ba alhali kina da ruwa a randa. Saiwarsa ta ruɓe. Na yi fushi da tuwonki har yunwa ta sasanta mu.

Wannan sunkuyawa ba ƙishi ba ce, haka Allah ya halicce shi. Rana yake so, tsakar ka. Yashi yake so da tsakuwa, inda ruwa zai wuce bai kwanta ba. Yana ƙarami a ɗan ba shi, in ya kama ƙasa a ƙyale shi. Tsohon reshensa in ka sare, ya tafi ke nan, ba ya tohowa. Kuma ba ya sauri don kowa.

Bayan rasuwarki na raini wani, na dasa shi ta wajen kanki a maƙabartar gindin dutsen Mukattam. Ya kama, har ya kawo mini ƙugu. Sai watan jiya na ga ganyen ƙasa ya fara ja. Na tona da yatsa, na ji taɓo. Taɓo, a wannan ƙeƙasasshen wuri!

Na zauna gadi. Ashe namu ne. Alhaji Mamman ɗan kasuwa, wanda kika yi wa matarsa wankan jego, shi ke kwaso ɗalibanmu na unguwar Madinat Nasr su zo miki ziyara, kowa da butarsa, kowa yana neman lada. Ina ganin ya karkata tasa na doke ta da sanda. Buta na doka, Uwar Sani, ba hannunsa ba, ko me za a ce. Ya dubi yaran ya ce ma'alish, wai a yi haƙuri, tsufa ne. Wannan ma ta fi ƙona mini rai.

Yanzu wai ni ne mai busasshiyar zuciya, na hana matata sadakar ruwa. An daina kirana cin shinkafar Juma'a a gidansa, sai na je na ba da haƙuri. Ba zan je ba. Khalas, magana ta ƙare. Na sayi wakena a bakin titi na ci a tsaye. Niyyarsu mai kyau ce, na sani. Saiwa ba ta san niyya ba.

Na kwashe taɓon da hannuna. Na ciko yashi a buhu, na hau bas da shi, kwandasta yana ta zagina da Larabci, na zo na mayar. Rabin itacen ja, rabi kore. Ban sani ba ko zai tashi. Gwiwoyina ba kamar da ba, amma duk ranar ziyara ina nan kusa da ke, ni da sandata. Wani lokaci iska ta kaɗa rassan su shafi ƙasarki, sai in bar ku.

Na kira mai tsaron maƙabarta na nuna masa filin da ke gefenki. Na ce ran da aka kawo ni, ruwan da za a yayyafa wa kabarina a yi shi ta wajen ƙafa, nesa da saiwa. Ya yi dariya. Ban sake masa riga ba sai da ya rantse.

Allah ya haskaka makwancinki, ya yalwata miki shi, ya shayar da ke daga Alkausara har ki ƙoshi. Itacen kuwa ki bar mini shi.

Ni ne mijinki, mai taurin kan nan da kika sani,
Garba mai lambu