Hular da ta san kabarin Mainasara

Zangon Kumashi, watan Safar

Zuwa ga yayana Abdulƙadiri, a Wurno.

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina roƙon Allah shi sa takardar ga ta iske ka lahiya, kai da Inna da iyali duka. Na ji gulbi ya ci gonar fadama bana, Allah shi maida alheri. Ni ina nan, sai tarin da ya ƙi barina.

Ga hula na ba Mode mai fataucin goro shi kawo maka. Kada kowa shi sa ta. Hanyar kabarin ƙanenmu Mainasara na ɗinka bisanta. Nasara sun kafa turaku cikin maƙabarta, wai hanyar mota za ta bi. Mun tai da liman, malamin ofis ya saurare mu da mutunci, ban yi mai ƙarya, amma turaku ba su gusa ba. Tukunyar da na kife don shaida ma an ɗauke.

Sunayen unguwannin garin ga sun hi ƙarhin halshena, sai na raɗa musu namu. Jan zaren bakin hular, tashar jirgi. Tambarin tsakiya babbar kasuwa, ita nika kira Goronyo don warin albasa irin na kasuwar Goronyo can gida. Gangaren bayanta na yi da shuɗi, don ya yi kama da wanda munka bi da jakai zuwa gulbi muna yara. Koren ganyen, ɗakin wata tsohuwa 'yar garin, ba Musulma ba, wadda ta riƙa kawo ma Mainasara koko sadda namu sunka guje mu don tsoron cutar agana da ta kama shi.

Kai ka ce mu taho neman na haraji. Na daɗe riƙe da kai a zucci, amma na sake, don na san da mun zauna kai za a ɗaure. Abin da Mainasara ya hwaɗi na ƙarshe shi ne, “Halliru, kada ka bari in ɓace nan.” Mi gare ni in ba allura ba? Ka aje hular har ɗanshi Junaidu shi girma. In ya zo ya iske motoci na wucewa, shi tsaya gefe shi yi addu'a.

A gaishe da Kaltume da Kulu da mutanen Rara. Zare ya ƙare mini dab da kabarin, sai na warware daga wuyan rigar Mainasara, wanda Inna ta kaɗa, na yi ƙulli inda shike kwance. Tunda idonta ya tai, ka aza mata yatsa wurin. Za ta gane zarenta.

Ni ne ƙanenka,
Halliru