Kullum Yana Aji, Ajin Ne Ba Nasa Ba

Gwaggo, don Allah ki ba ni shawara, kaina ya kulle.

Ina aiki a ofishin kula da ɗaliban ƙasashen waje na wata jami'a. Aikina in tabbatar kowane ɗalibi yana bin sharuɗɗan bizarsa, kada a wayi gari a ce ya tattara ya koma gida. A da ba wuya: ka yi rajista, ka ci jarrabawa, ba ruwan kowa da kai. Yanzu hukumar shige da fice ta kama sauya doka kamar mai gwada kaya gaban madubi. Mukan liƙa sanarwa a allon bakin ƙofa, kafin gam ya bushe wata ta fito. Akwai ranar da na yi wa ɗalibai bayani da safe, na sake tara su da yamma na ce su manta da abin da na faɗa. Ba wanda ya yi dariya.

Ta baya-bayan nan ta ce duk ɗalibin waje sai ya dangwala yatsa a na'ura a ƙofar aji. Wanda fashinsa ya yi yawa, sunansa yakan koma ja a kwamfutata, ni kuma dole in sanar da hukuma. Canja kwas ma, da a da sa hannu ne kawai, yanzu sai an nemi izini, wasu har sai sun fita ƙasar sun sake neman biza.

To, ɗan yayar mijina, Auta, yana jami'ar nan. Daga ƙasarmu aka turo shi karatun haɗa magunguna, a gidana yake zaune. Yana da ladabi, yakan riga ni fita, ya dawo a gajiye ya rungumi littafi. Abu ɗaya na lura da shi, warin akuya. Na tambayi maigida, ya ce ƙila haka maganin zamani yake wari.

Satin da ya wuce sunan Auta ya koma ja. Na zaci na'urar ce, don takan ƙi yatsa mai gumi. Na je sashensu, malaminsu ya ce sunan ya san shi, fuskar ce bai tuna ba. Wata 'yar ajinsu ta nuna mini bayan jami'a. Gwaggo, a asibitin dabbobi na same shi, da dogon takalmin roba, hannunsa har kafaɗa cikin saniya. Ya ɗago ya gaishe ni, ya ce in ɗan jira, bai gama ba. Na jira.

Ashe tun farkon zango ajin likitancin dabbobi yake zama, bai taɓa fashi ba. Malamar sashen ta ce ba ta da ɗalibi kamarsa, kuma ta yi gaskiya, don ba ɗalibinta ba ne. Ta ɗauka sunansa ne bai iso daga rajista ba. Shi kuwa cewa ya yi, "Anti, wallahi na gwada. In na shiga wancan ajin ji nake kamar an rufe ni a kwalba." Tsoron uwarsa ne ya hana shi canjawa tun canjin yana da sauƙi.

Yaya kuwa, uwar tasa, ta riga ta sa an yi wa wani shago fenti, an rubuta sunansa a sama, an zana ƙwayar magani a gefe. Duk kiran da za ta yi sai ta ce in gaishe mata da mai magani.

Na faɗa wa maigida. Ya ce ai da sauƙi, tunda ni ke riƙe da kwamfutar, in mayar da jan kore. Na ce laifi ne. Ya ce shi bai ce in yi ƙarya ba, launi kawai ya ce in canja. Tun ranar, bango yake kallo in yana cin abinci. Ya kuma tuna mini Yaya ce ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Haka ne. Ni ma da na yi haihuwar fari na sha wuya, ita ta baro gidanta ta zo ta yi jinyata.

In na sanar, ƙila a soke bizarsa, ya zama ni na kori ɗan Yaya da hannuna. In na taɓa launin aka gane, aikina ya tafi, jami'ar ma za ta iya rasa izinin ɗaukar 'yan waje, abin ya shafi har waɗanda ba su ji ba su gani ba. Wa'adin sanarwa yana matsowa. Auta ya koma wanke-wanke, har kwanon da ba a ci komai a ciki ba. Yaya zan yi?

Mai teburin kusa da taga

*

'Yata mai teburin kusa da taga,

Kada ki taɓa launin nan. Na fara da wannan ne don in mijinki ya karanta, ya samu amsarsa da wuri ya juyo daga bango. Kwamfuta tana riƙe sunan wanda ya taɓa ta. Yau Auta ɗalibi ne da ya yi fashi, laifin da ake iya yi wa bayani. Ranar da kika gyara masa, ya zama wanda aka yi maguɗi dominsa, wannan kuwa tabo ne da zai bi shi duk inda ya sake neman biza. Wato abin da mijinki yake nema ya fi cutar da ɗan da yake son ceto.

Amma kada ki ga baƙinsa. Mutumin da yayarsa ta zame masa uwa ba zai iya jin an ce doka ya yi shiru ba. Tsoro ne yake magana da bakinsa. Ki ba shi aikin da zai iya yi, zai rage neman wanda ba ya yiwuwa.

Gobe da safe ki shiga wurin shugabanki ki ce Auta ɗan gida ne, ki nemi a miƙa maganarsa ga wani abokin aiki. Tun ranar da ya shigo jami'ar ya kamata a yi haka, amma gobe ma rana ce. Ba guduwa kika yi ba. Kin cire hannunki ne don duk alfarmar da doka ta yarda a yi masa, a yi ba tare da an ce son kai ba ne.

Shi Auta, daga gobe ya koma ajin da aka rubuta shi, ya dangwala yatsa, ya zauna ko da yana jin kwalbar. Ya je da ƙafarsa ya yi bayani kafin a kira shi. Ya roƙi malamar dabbobi ta shaida a rubuce cewa yana harabar jami'a yana karatu, ba yawo ya tafi ba. Sannan ku ga lauyan da ya san harkar shige da fice, ya duba dokar yadda take a ranar, ba yadda aka turo ta a waya ba. Ke kin fi ni sanin saurin canjawarta. Ku tambaye shi ƙarara: ana iya canja kwas daga nan, ko sai an fita an dawo?

Ba zan ɓoye miki ba, duk da haka ƙila a sanar, ƙila ya koma gida ya sake nema. Zai yi zafi. Amma wanda ya fita da suna mai tsabta yana da ƙofar dawowa.

Batun Yaya, ba ke za ki faɗa mata ba. Auta ne zai kira uwarsa, kawunsa na zaune kusa da shi, kuma aikin mijinki ke nan. Za ta yi faɗa, za ta yi kuka, ƙila ta kwana biyu ba ta ɗaga wayarku. Ku bar ta ta yi. Uwa takan huce da ɗan da ya faɗa mata gaskiya, abin da ba ta mantawa shi ne ta ji a bakin wasu.

Ke kuma ki daina ɗaukar kanki mai korar mutane. Ba ke kika rubuta dokar ba, ba ke kika yi fashin ba. Ɗaliban da ke layi a ƙofarki suna barci ne don sun san akwai wadda ba ta wasa da takardunsu. Ki tsaya a haka.

Allah ya daidaita muku, ya sanyaya zuciyar Yaya, ya ba Auta karatun da zai yi da suna nasa.

Gwaggonku