Idan Na Toshe Rariyarmu, Ruwan Gidan Su Lawali Zai Shiga

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a taimaka a ɓoye sunana, kuma duk sunan da za ku gani a ƙasa na aro ne. Don Allah ku ba ni shawara, na yi tunani har na gaji ban ga mafita ba.

Ranar Lahadin da ta gabata, bayan sallar la'asar, an yi zama a ƙofar gidan mai unguwarmu a Malali. Akwai mai unguwa, da limamin masallacin layinmu, da ni, da mijin ƙanwata wanda zan kira Alhaji Sabo, sai wani maƙwabcinmu ɗan haya, Lawali, wanda ba a kira shi ba amma ya zo ya tsuguna a gefe. Maganar ruwan sama ce ta tara mu. Kafin in faɗi yadda aka tashi, bari in bayyana yadda layin yake, don sai an gane wannan za a gane sauran.

Layinmu gangare ne. Waɗanda suka fara gini a nan, har da mahaifina, ma'aikatan gwamnati ne, kuma ba a yi musu kwata ba. Sai suka yi abin da suka saba a garuruwansu, kowa ya bar rariya a gindin katangarsa ta sama, ya bar wata a ta ƙasa. In aka yi ruwa sai ya shigo gidanka ta rariyar sama, ya ratsa tsakar gida, ya fita ya shiga gidan na ƙasa da kai, har ya isa kwalbatin bakin titi. Ba wanda ya taɓa kiran wannan alfarma, haka kawai ake zaune. Kuma a lokacin ƙasa ce ke shanye rabin ruwan, don kowane gida da filinsa, da mangwaro, da 'yar masara a baya.

Yanzu unguwa ta yi daraja. Tsofaffin sun rasu, magada sun sayar, wanda ya saya kuma abu ɗaya yake yi, ya rushe, ya kawo tifofin jar ƙasa ya yi ciko ya ɗara maƙwabcinsa tsawo, ya yi shaguna a gaba da gidajen haya a baya, ya shimfiɗe sauran da intalok. Daga saman layi zuwa gidanmu babu ƙasar da za ta sha ruwa ko tafin hannu. Na sama duk sun toshe rariyoyinsu sun sako ruwan kan layi, shi kuma ya taho ya tsaya a katangarmu ya shigo ta rariyar da mahaifina ya bari. Muna haƙuri, don yana wucewa. Ya kai idon sawu, ya fita ta ƙasa, mu share laka mu ci gaba da harkokinmu.

Gidan da ke ƙasa da mu na aminin mahaifina ne, kuma ɗansa ne Alhaji Sabo, da shi muka tashi, shi ya auri ƙanwata. Bayan rasuwar mahaifinsa ya sallami sauran magada, bara da rani ya rushe gidan ya yi irin ginin da kowa ke yi. Cikon da ya yi ya kai daɓensa daidai tagar ɗakinmu. Rariyar kuma ya sa aka liƙe ta da kankare.

Ruwan farko mai ƙarfi na bana da hantsi ya sauko, ina wurin aiki. Matata ta kira ni tana cewa ruwa ya kai gwiwa a tsakar gida kuma bai daina shigowa ba. Mahaifiyata, Hajiya, tana fama da ciwon ƙafa, sai da sanda take tafiya. Kafin in iso daga cikin gari, Lawali da abokan zamansa sun ɗauke ta a kan kujera sun kai ta masallaci, sun dawo da bokitai suna kwasar ruwa suna watsawa bayan katanga. Tun daga ranar, duk ruwan da aka yi haka muke. Bangon ɗakin Hajiya ya tsage, ana sa hannu a ciki. Maginin da na kira ya duba ya ce tushen ginin ya jiƙe, kuma shi ba zai ce zai kai ƙarshen damina a tsaye ba.

Na je na sami Alhaji Sabo. Ya karɓe ni da fara'a, ya sa aka kawo lemo, ya ce wallahi Yaya abin ya dame shi, amma injiniyansa ya ce in ruwa ya ci gaba da bi ta ƙarƙashin shagunan za su zauna, kuma mai biyan hayar irin waɗannan gidaje ba zai yarda ruwan kwatar wani ya ratsa ƙofarsa ba. Na ce ai da iyayenmu sun yi wannan lissafin, da gidanku ne ya fara cika. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, su iyayenmu masara suka shuka a baya, ni bashin banki na shuka." Na kai ƙara ofishin da abin ya shafa, suka zo da mota suka auna, suka ce layinmu ba ya cikin aikin bana. Da na ambaci kotu, Hajiya ta ce in na kai surukinta gaban alƙali in fara nema mata wani gidan da za ta kai fuskarta. Ƙanwata ta kira ni tana kuka, wai so nake in kashe mata aure a kan rami a jikin bango. Abin da ya fi ba ni takaici, a wurin aikina duk damina da bakina nake karanta sanarwar cewa jama'a su guji toshe magudanan ruwa.

Maganar sayarwa ma mun yi ta. Dillalai sun zo, har sun sa wa gidan suna, wai gidan rami, suna taya shi kamar kango. In an raba tsakanin magada, kasona da na Hajiya ba zai sama mana muhalli ba sai can gaba da Mando, inda babu asibiti kusa, ita kuma duk wata sai ta ga likita. Ta ce a nan aka fitar da gawar mijinta, a nan za a fitar da tata.

Saura hanya ɗaya, wadda kowa ya bi. In toshe rariyarmu ta sama, in ƙara wa katangar ƙarfi, ruwan ya nemi wani wuri. Na bi layin da ƙafata ana tsakiyar ruwa don in ga inda zai bi, kuma babu shakka a ciki. Zai juya ta lungun da ke gefenmu, lungun kuma a ƙofar gidan su Lawali ya ƙare. Gidan haya ne tsoho, ɗakunan laka da aka shafe da siminti, ya fi namu zurfi. Mutanen Zamfara ne da Katsina a ciki, leburori da masu tuƙa keke da mata masu awara, kowane ɗaki da iyali. Ruwan da ya kai mana gwiwa su zai kai musu ƙugu, bangon laka kuma ba ya tsagewa ya jira, zubewa yake yi. Na sami lambar mai gidan, yana Abuja, na kira shi na gaya masa. Ya ce shi dama ya daɗe yana son su tashi ya yi gini, in ruwa ya tashe su ai ya rage masa aiki.

To wannan ne aka zauna a kai ranar Lahadi. Liman ya yi nasiha a kan haƙƙin maƙwabci, kowa ya ce haka ne. Mai unguwa ya roƙi Alhaji Sabo ya buɗe ko da rabin rariyar, Alhaji Sabo ya ce ranka ya daɗe in ya buɗe wa zai biya shi in shago ya rufta, mai unguwa ya bar maganar don shi ma ya yi ciko a nasa gidan shekarun baya. Daga nan Alhaji Sabo ya ce don zumunci shi zai ba da bulo da siminti kyauta, in toshe tawa kamar kowa, Hajiya ta huta. Aka ce madalla, Allah ya saka da alheri. Ni na ce ruwan fa gidan su Lawali zai shiga. Sai aka waiwaya aka dube shi, kamar a lokacin aka san yana wurin. Mai unguwa ya tambaye shi ko yana da magana. Ya ce, "Ranka shi daɗe, mu da munka baro gida da gona saboda masu bindiga, ruwa ai ɗan uwa na. Shi dai ba ya tambayar kuɗin fansa." Aka yi dariya, shi ma ya yi. Aka shafa fatiha aka tashi, ba wanda ya ce in toshe, ba wanda ya ce kar in toshe.

Da na dawo na gaya wa Hajiya komai, har inda ruwan zai bi. Sai ta ce matar Lawali ce ke zuwa tana matsa mata ƙafa. Na ce na sani. Ta ce to, ta juya ta fuskanci bangon nan da ya tsage. Matata kuwa ta ce ita ba ta ga abin tunani ba, uwa ɗaya gare ni, kuma ba mu muka fara ba, mu ne ma na ƙarshe da suka rage suna karɓar ruwan unguwa a tsakar gidansu.

Gaskiya ta faɗa. Kuma ko na bar rariyar a buɗe, ban ceci su Lawali ba, jinkiri kawai na saya musu, don ranar da bangonmu ya faɗi ko muka sayar, wanda zai zo ciko zai yi. Na san wannan. Amma na san kuma bambancin da ke tsakanin abin da zai faru wata rana da abin da zan sa magini ya yi da hannuna a makon nan, alhali na san ɗakin da yara ke kwana.

Don haka nake tambayarku, musamman malamai da waɗanda suka san harkar gini. In na toshe, wani abu ya sami mutanen nan, a wuyan wa yake, nawa ko na wanda ya fara toshewa? In na bari bango ya faɗo wa mahaifiyata, me zan ce? Akwai wata hanya ta uku da ban gani ba, wadda mai albashi zai iya? Don Allah kar a ce in yi haƙuri kawai, haƙurin nake yi bango yake ƙara buɗewa.

Jiya da yamma motar Alhaji Sabo ta sauke bulo da siminti a ƙofarmu. Ina tsaye ina kallonsu Lawali ya zo ya gaishe ni, ya ce Yallaɓai in an tashi aikin kar a ɗauko lebura daga wani wuri, a ba shi kwaɓin simintin, don kwana biyu bai sami aiki ba. Magini ya ce Asabar zai zo.