Damƙar Yashi Irin ta Baba

Baba,

Gaisuwa mai yawa. Ya ciwon gwiwar? Ya Inna da su Yaya? Ni lafiya ƙalau, siminti ne dai ya ɗan farfasa mini hannu, amma kada Inna ta ji.

Albishirinka! An ɗauke ni aiki a ɗakin gwajin kayan gini. Tsokanarka ta tabbata, kai kana gini, ’yarka tana fasawa, don a inji muke sa kankare ya matse shi har ya tsage, mu ga ƙarfinsa.

A jarrabawar ƙarshe ta ɗaukar aiki, kowa ya kwaɓa nasa kankaren. Ni sai da na damƙi yashin yadda kake yi, na ga ya bar mini laka a tafi, na wanke shi tas. Dariya aka yi ta yi mini. Ranar gwaji na kowa ya fashe, nawa sai da injin ya yi nishi!

Shugabanmu ya ce, “A wane littafi kika gano wannan?” Na ce, “Babana magini ne.”

Ya ce in gaida Farfesa. To Farfesa, a ci gaba da sa mini albarka.

’Yar autarka